An Hana Ni Yaji, Na Zuba Shi a Miya

Damilu, Jimeta
Asabar, bayan la'asar

Zuwa ga 'yata Hapsatu, Dudun Dada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta uwa, wadda ba ta ƙarewa, ina roƙon Allah Ya tsare min ke a zaune da a tafe, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya raba ki da mugun ji da mugun gani, Ya haɗa ki da mutanen kirki duk inda ƙafarki ta taka. Amin.

Na san za ki yi dariya ki ce ɗaki da ɗaki, bango ɗaya ne tsakaninmu, me ya kawo wasiƙa. To bakina ne ban yarda da shi ba. Kin san halinsa, yakan riga hankalina fita. In na fara da nasiha sai in ƙare da faɗa, Babanki ya ɗauki buta ya nufi masallaci alhali ladan bai ko yi gyaran murya ba. Shi ya sa na ari biro na zauna. Ki yi haƙuri da rubutun, rabona da rubuta abin da ya wuce sunana tun kafin in yi ritaya.

Ga abin da ke gabanmu. An tura ki aikin nas a ƙaramin asibiti can arewa, gindin duwatsun nan da mutane suka taɓa gudowa daga cikinsu, kuma jibi Litinin da safe motarku za ta tashi. Kin zo kin durƙusa min kin ce, "Dada, aikin nan irin wanda doka ke ɗaure mutum ne. In an tafi yajin aiki ana iya tilasta mana mu koma, in wani abu ya faru a garin kuma ba mu ne na farkon gudu ba. In kika ce kada in tafi, wallahi ba zan tafi ba." Ni kuma na ce miki tuwona yana ƙonewa, na tashi na bar ki a durƙushe. Babu tuwo a wuta, ke ma kin sani. Tun ranar kike bi na da ido, akwatinki rabi a shirye rabi a zube. Amsarki tana cikin takardar nan, amma kada ki yi min halinki na makaranta ki tsallake zuwa ƙarshe. Ki bi ni a hankali.

Ke a littafi kika karanta dokar nan, ni kuwa a jikina na karance ta, tun kina goye. Kin san aikina, kuku a kicin ɗin wani asibitin gwamnati a Yola, a nan na fara a nan na gama. Ban daɗe da kama aiki ba, wata rana oganmu ya tara mu a gindin dalbejiya, mu 'yan kicin da masu wanki da masu shara, ya yi ta zuba Turanci yana share gumi. Kalma ɗaya na tsinta a ciki: wai daga yau mu ma "isenshal" ne. Yana faɗa yana murmushi, har da nuna mu da hannu biyu. Na zunguri Saratu, wadda kuke ce wa Mama Saratu, mutuniyar Numan, abokiyar tukunyata, na ce mene ne shi kuma. Ta ce, "Wai muhimmai. Waɗanda ba a iya yi sai da su."

Ke dai bari. A garin da ko sarkin tsintsiya aka naɗa sai an kira makaɗa, a ce da ni wadda ba a iya yi sai da ita? Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na ce wa Babanki an yi min ƙarin girma. Ya ajiye almakashi ya ce, "Isenshal ɗin nan, gaba yake da Sista ko baya?" Na ce ina jin daga Sista sai shi. Goggo kakarki, Allah Ya jiƙanta, ta rangaɗa guɗa a tsakar gida ba tare da ta tambayi komai ba. Washegari na dama kunun gyaɗa babbar tukunya, na toya waina, aka rarraba wa maƙwabta. Mata suka yi ta shigowa barka. Tun daga ranar sunan ya bi ni, har masu kifi a bakin gada da Isenshal suke kirana.

Ma'anar sarautar ta fito ne da aka tafi yajin aiki na farko. Ƙungiyar ma'aikata ta ce kowa ya zauna a gida sai an duba maganar albashi da kayan aiki. Ni kuwa na ce hutu ya samu. Na kwaɓa lalle, na shimfiɗa tabarma, na ƙunsa ƙafar dama har ta fara kamawa, ina shirin ta hagu sai ga sallamar masinja daga ofis. Ya ce an ce duk wani isenshal ya fito aiki yanzu, doka ba ta ba mu damar yaji ba, wanda ya ƙi a bakin aikinsa, ana ma iya kai shi kotu. Na ce, "Malam, ka san da wa kake magana kuwa? Ni fa isenshal ce." Ya ce, "Shi ya sa aka aiko ni gidanki, Hajiya." Babanki yana zaure yana jin mu. Dariyar da ya yi ranar har yau ban gama yafe masa ba.

To Dudu, wannan shi ne na farko. Duk sunan da babba ya raɗa miki yana murmushi, ki tambayi abin da ke cikinsa kafin ki ce na gode. Matambayi ba ya ɓata. Ki tambayi oga, ki tambayi 'yan ƙungiya, ki tambayi tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a wurin, don kowannensu rabin magana zai gaya miki. Ki san abin da doka ta ɗora miki, ki kuma san inda ta tsaya, domin akwai ogan da zai ɗora miki wankin motarsa ya ce doka ce. Ni kunyar a ce ban ji Turanci ba ce ta sa na ciyar da unguwa guda waina a kan an ɗaure ni.

Na wanke ƙafa, ɗaya ja ɗaya fara, na kama hanyar Yola. A cikin mota ne na tuna ashe akwai ƙofar asibiti. 'Yan ƙungiya sun ce su ba ruwansu da wata doka, babu ma'aikacin da zai shiga, marasa lafiya kaɗai za a bari. Kuma na ji labarin Saratu tana cikin masu tsaron ƙofa, da reshen dalbejiya a hannu. Gaba kura, baya sayaki. In na koma gida aikina ya tafi, kina goye, ɗinkin Babanki kuma sai da salla yake ci. In na shiga, na ci amanar mutanen da don ni ma suke tsaye a rana.

Sai dabara ta zo min, irin wadda kan zo wa mutum ranar da hankalinsa ya tafi kiwo. Na cusa yunifom a jaka, na ja mayafi na rufe fuska sai ido, na dafe ciki, na rankwafa, na nufi ƙofa ina nishi. Mazan da ke wurin suka dare suna "sannu Mama, Allah Ya sawwaƙe." Har na fara yi wa kaina kirari a zuci. Sai na ji an kama min hannu.

Saratu ce. Ta dubi fuskata ba ta ga komai ba, ta dubi ƙasa ta ga silifas ɗin da tare muka saya a kasuwar Jimeta, ga ƙafa ɗaya ja ɗaya fara. Ba ta tona ni ba. Da Hausarta ta mutanen Numan, wadda mace da namiji duk "shi" ne, ta ce, "Wayyo, maman nan cikinsa ya kama shi. Ku ba mu hanya." Ta riƙe ni gam, riƙon da ba na taimako ba, ta bar hanyar kicin, ta miƙe da ni har gaban likita ɗaya tilo da ya rage. Ya ce me ke damuna. Na ce ciki. Ya ce tun yaushe. Na ce tun jiya. Ya ce da amai? Saratu ta ce, "Yana ta yi." Duk tambayar da ya yi sai in ƙara ƙarya a kan ƙarya, don ban ga ƙofar fita ba. Ƙarshenta aka tsira min allura a mazaunai, Saratu na danne da kafaɗata. Da za ta fita ta sunkuyo kunnena ta ce, "Isenshal, sannu da jiki."

Yanzu muna ba da labarin muna riƙe ciki, amma a lokacin ba dariya ba ce. Ko da aka janye yajin, Saratu ta daɗe ba ta ce min komai sai "miƙo gishiri." Abin ya dame ni ƙwarai, don ba ni da ƙawa kamarta. Ranar da na tare ta a bayan kicin na ba ta haƙuri, cewa ta yi, "Ba shigan ne ya ɓata min rai ba. Na san kina da goyo, na san doka ya tsorata ki. Da kin tsaya kin ce Saratu zan shiga, zan zage ki a gaban mutane, da yamma in zo gidanki mu sha kunu. Amma ki rufe min fuska, ni?"

Saboda haka in ranar irin wannan ta same ki, kuma za ta same ki, duk ɓangaren da kika tsaya ki tsaya da fuskarki a buɗe. In za ki shiga, ki gaya wa abokan aikinki dalilinki tun kafin su ji a bakin wani. In ba za ki shiga ba, ki gaya wa oga da bakinki, kada ki kashe waya ki ce caji ne ya ƙare. Zagi yana wucewa, mutane kan manta da shi kafin a yi girbi. Raini ne ba ya wucewa da wuri, kuma da waɗannan mutanen za ki ci gaba da raba aikin kwana.

Bari in koma ranar allurar, don ban gama ɓarna ba. Na isa kicin ina ɗingishi, ba kowa sai ni da wata tsohuwa mai wanke-wanke. Ga tukwane jibge, ga itace jiƙaƙƙe, ga mazaunai na zogi, ga haushin gwamnati ya cika min ciki. Na ɗora miyar kuka. Ina cikin kaɗawa idona ya faɗa kan gwangwanin barkono, sai na ce a raina: an hana ni yaji ko? To ga yaji. Na zuba ludayi guda. Na tuna masinja, na ƙara. Na tuna murmushin oga a gindin dalbejiya, na juye gwangwanin duka. Har wani sanyi na ji a zuciyata, wai ni na rama.

Da yake masu rabo ba su zo ba, ni na tura abincin zuwa ɗakin maza. A gadon bakin taga akwai wani dattijo, Baba Goni, malamin allo ne ɗan asalin Borno da ke zaune a unguwar Makama, gyambon ciki ya kwantar da shi. Ya yi bisimilla ya kai loma ɗaya. Ya tsaya. Hawaye suka zubo masa har gemu. Ya sha ruwa, ya sake sha, sannan ya yafito ni da hannu.

"'Yata, wa ya ɓata miki rai?"

Na ce, "Gwamnati ce, Baba."

Sai ya ɗaga kai ya dubi gadon dama, ya dubi na hagu, ya leƙa har ƙarshen ɗakin, ya ce, "A wane gado take kwance? Ta ci nata?"

Duk ɗakin aka kwashe da dariya, har wani mai karaya yana riƙe haƙarƙari yana cewa a bari. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Na bar jaki ina dukan taiki. Na tattara kwanukan nan kaf, na koma na dama musu kunu mai laushi, na dafa shinkafa ba ko ɗigon barkono. Baba Goni ya kwana yana juyi saboda lomar nan guda, amma da safe shi ya fara gaishe ni, har ya yi miki addu'a da ya ji ina da goyo.

Ni ludayi ne a hannuna, Dudu, ke kuwa allura za ki riƙe. Ranar da aka fito da ke aiki ba da son ranki ba, za ki ji haushin nan ya taso miki har wuya, kuma wanda zai fara shiga gabanki ba kwamishina ba ne, wata baiwar Allah ce da ta yi tafiyar ƙafa da yaro a baya. Kada ki daka mata tsawa, kada ki bar ta a benci don a san ranki a ɓace yake. Ki ajiye haushin a aljihu, ki kai shi taron ƙungiya, ki zazzage shi a can inda masu shi za su ji.

Kuma kada ki ɗauka wanke gwamnati nake yi. Har gobe ina cewa wanda ya ce aikinka ya fi ƙarfin a dakatar da shi, ya kamata ya san tukunyar gidanka ma ba ta jira. Ba a tuna mu muhimmai ne sai ranar da muka zauna a gida. Amma na kuma ga abin da kan faru da asibiti in kowa ya watse, na ga wanda aka mayar gida a kan keke don babu mai duba shi. Shi ya sa ban taɓa iya cewa dokar nan zalunci ce tsantsa ba, ban kuma iya cewa adalci ce ba. Ki shiga ƙungiya, ki je taro, ki buɗe baki. Kin gaji bakina, kada ki bar shi ya yi tsatsa.

Saura na ƙarshe, kuma don shi na ari biron nan.

Kin tuna shekarar gudun hijira, lokacin dokar ta-ɓaci, kina ajin ƙarshe na firamare. Mutanen arewa suka yi ta kwararowa Yola, wasu a bayan tifa, wasu a ƙafa, gidan nan ma ya cika har kika bar wa wata mai jego katifarki. To a daidai lokacin kuma ana wani yajin. Rediyo kullum sanarwa take: ma'aikatan asibiti su koma bakin aiki nan take, wanda ya ƙi ya kori kansa. Ga asibiti an ce ya cika ya batse, har a baranda ana kwantar da mutane.

Ni kuma fa? Kullum da safe sai in yi wanka, in ninke yunifom in sa a jaka, in zauna a bakin gado. In 'yan ƙungiya suka bugo waya in ce ina tare da ku. In maƙwabta suka ce Isenshal ba ki tafi ba, in ce ina hanya. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Ana ta raɗe-raɗin duk inda jama'a suka taru nan ake kai hari, ga kuma fuskokin matan da ke tsakar gidanmu suna gaya min yunwar da ke can. Zuciyata tana so in je, ƙafata ta ƙi. Babanki ya gaji da ganina ya ce, "Wai me kike jira ne?" Na ce, "Biko." Ya ce, "Au, gwamnatin ce za ta zo bikonki kamar matar da ta yi yaji? Sai ki jira ta kawo goro."

Ai kuwa ta zo, sai dai ba da goro ba. Wata safiya a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidan nan, da mutumin ofis da 'yan sanda biyu, suna bi gida-gida suna kwasar ma'aikata. Kina leƙe ta taga, kin ga abin da na yi. Na fito ina tafa hannu ina cewa, "Jama'a ku shaida, dole aka yi min." Abin da ba ki gani ba shi ne cikina. Wallahi daɗi na ji, faɗuwa ta zo daidai da zama. In 'yan ƙungiya suka tambaya, dole ce. In wani abu ya same ni a can, ba ni na kai kaina ba. An sauke min kayan zaɓi daga ka, sai wani sakayau nake ji a bayan motar nan.

Muna shiga na hango hayaƙi yana tashi daga kicin. Na ce to, wa ya riga ni? Ina leƙawa sai ga Saratu, ba yunifom, da zanen zumuntar matan cocinsu, ta rungumi muciya tana tuƙa tukunyar da mutum biyu ke tuƙawa. Ashe tun ranar da motar farko ta sauke mutane take zuwa, da ƙafarta, kuma ta gaya wa 'yan ƙungiya ido da ido.

Na ce, "Saratu, kin koma aiki ke nan?"

Ta ce, "Wa? Ni ina yaji. Ziyara na zo."

Na ce, "Ziyara da muciya?"

Ta ce, "Gwamnati nake wa yaji, in ya tambaya ki ce ban zo ba. Waɗannan da ke baranda ba su ci min komai ba." Sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke kuma amarya, sai da aka yi miki biko da bindiga. Ɗauki ludayi."

Muka yi dariya, muka kama aiki. Amma kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Tukunya ɗaya muke tuƙawa, hayaƙi ɗaya muke sha, sai dai ba ɗaya muke ba. Ranar da aka kawo masu rauni da yawa, kowa ya ruɗe, ni ban da tsine wa wanda ya kawo ni babu abin da nake yi, idona yana kan ƙofa. Ita kuwa ko gezau, tana ta ɗura wa yara kunu tana yi musu waƙa, don ta riga ta gama shawara da zuciyarta tun a gida. Da ƙura ta lafa, ni aka yaba a gaban taro wai na amsa kiran hukuma, ita aka lissafa ta cikin waɗanda ba su zo ba. Ta yi ta yi min tafi har da guɗa, don ta san tafin ya fi zagi yi min ciwo.

To Dudu, shekaranjiya ina tsintar shinkafa na hango ki zaune a bakin gado, kin tasa akwati a gaba kin yi tagumi, sai gabana ya faɗi, don na san zaman nan. Nawa ne. A-kori-kura kike jira, kuma ni kike so in tuƙo ta. In na ce zauna, ki zauna a Damilu, duk ranar da kika ga sa'o'inki da fararen kaya ki ce Dada ce ta hana ni. In na ce tafi, ranar da dare ya yi miki tsawo a can ki ce Dada ce ta turo ni. Ko ta ina kin huta da zaɓi.

Kuma kada ki zaci ban yi sha'awar tuƙo motar ba. Dolen uwa ta fi ta gwamnati ƙarfi, ba kotu, ba ƙungiya, ba ɗaukaka ƙara. Kalmomin suna nan a bakina a shirye, na san wadda in na faɗa ko ƙofar zaure ba za ki taka ba. Ba na so ki tafi. Ga shi na rubuta da hannuna don kada ki ce na ɓoye miki: tsoro nake ji, ina so in riƙa jin motsinki a bayan bangon nan har in mutu. Amma wannan son raina ne, ba umarni ba ne, kuma na haramta miki ki mayar da shi umarni. An yi min dole na ga abin da take mayar da mutum, ba zan yi wa 'yar da na haifa ba.

Ga amsata. Na sa miki albarka in kin tafi, na sa miki albarka in kin zauna, kuma albarkar ɗaya ce, ban tauye wata ba. Ki yi istihara, ki tambayi zuciyarki, ki zaɓa. Abin da kika zaɓa da kanki shi zai riƙe ki ranar da doka da tsoro suka ja ki gefe biyu.

In tafiyar ce, ki gaida tsofaffin garin kafin ki buɗe akwati, su za su fara gaya miki in iska ta canza. Ki san hanyar bayan gari kamar yadda kika san ta gaba. Kada ki gudu ki bar mara lafiya a gado, amma in aka ce a tashi, ki tashi da su, kada ki tsaya gadin bango da kujeru don wai ba a ba da izini ba. Ki nemi Saratunki a can tun da wuri, ko wace ƙabila ce, ko ina take ibada. Ki riƙe salla. Ki ci abinci, kin san ki da wasa da ciki.

Abu ɗaya na roƙe ki. Na yi miki dambun nama, yana cikin kwano a kan akwatinki. In kin tafi guzuri ne, in kin zauna mu ci tare. Amma ranar Litinin da safe ba zan fito ba. Babanki zai raka ki tasha in tafiyar ta tabbata. Ba fushi ba ne. Na san kaina ne: in na fito zan yi kuka, ke kuma ba ki taɓa iya tsallake hawayena ba, kin ga na yi miki dolen da na rantse ba zan yi ba. Ki tsaya a tsakar gida ki yi min sallama da ƙarfi, zan amsa miki daga ciki da murya mai kyau. Ko me kika jiyo bayan nan, kada ki ɗaga labulen.

Allah Ya kai ki lafiya in kin tafi, Ya zaunar da ke lafiya in kin zauna. Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga bayinsa, Ya kare garin da za ki kwana da mutanen cikinsa, Ya sa kada a sake gudu a ƙasar nan. Na ba Shi ajiyarki, Shi da ajiya ba ta ɓata a wurinsa.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Dada